Wane Yaro Ne Ba a Yi wa Allurar Rigakafi?

Ranar allura, kafin in taɓa sirinji, katin yaro nake fara buɗewa, wanda yawancinmu muke ce wa karne. Kati ba ya ɓoye kome. Sai ka ga an cika layin ranar haihuwa, an cika na biyu, daga nan kuma fili fari fat har yaro ya kai wata goma. In na tambayi uwa, "Me ya tsare ku?" amsar kusan ɗaya ce kullum. "Malama, ranar yana mura." "Yana haƙori ne, ga zawo." "Kakarsa ta ce ya rame da yawa, ba zai iya ɗaukar allura ba." Wata kuma ta ce ai ta zo, ma'aikaci ne ya taɓa jikin yaron ya ji ɗumi, ya ce ta koma sai ya warke. Garinsu kuwa tafiyar awa uku ce a ƙasa. Ba ta sake dawowa ba.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan dalilai da ke hana allura. Gaskiya ne akwai yaran da ake ɗaga wa wata allura, ko a hana su ita ɗungum, amma 'yan kaɗan ne, kuma gane su aikin asibiti ne. Naku aikin shi ne ku kawo yaro ranar da aka rubuta, ko yana lafiya ko ba ya lafiya, ku gaya mana gaskiyar halin da yake ciki. Domin ku ga dalili, bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar.

Abin da ke cikin kwalba

Tsofaffinmu sun san wanda ya yi ƙyanda ya tashi ba ya sake yin ta. Jikinsa ya ga cutar, ya gane ta, ya tanadi makamin yaƙarta. Kamar manomin da ƙuduji ya taɓa cinye wa gona ne, da ya hango shi yana tsirowa zai tuge shi tun bai yi fure ba. Wannan sanin da jiki yake yi shi ake kira garkuwar jiki. Sai dai koyo ta hanyar ciwo yana da tsada: wani yaron ya koya ya rasa ido, wani ya rasa ƙafa, wani ya rasa rai. Rigakafi yana nuna wa jiki cutar ba tare da an biya wannan kuɗin ba.

Magungunan rigakafi kashi biyu ne, kuma wannan bambancin shi ne tushen duk abin da zan faɗa a gaba.

Kashi na farko, ƙwayar cutar tana da rai, amma an raunana ta ƙwarai har ba ta iya kayar da mai lafiya. Tana ɗan hayayyafa a jiki, jiki ya yaƙe ta, ya ci nasara, ya riƙe darasin. A wannan kashi akwai BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna da ake ɗigawa a baki, ɗigon gudawa da ake kira rota, allurar ƙyanda da rubela, da ta zazzaɓin shawara.

Kashi na biyu babu mai rai a ciki. Ko dai an kashe ƙwayar, ko an ɗauki ɗan ɓangare na bawonta kawai, ko kuma dafin da take fitarwa ne aka kashe masa ƙarfi. A nan akwai Penta, allurar namoniya, allurar shan inna da ake yi a cinya, ta sanƙarau, da ta zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan ba su iya sa wa yaro cutar ko kaɗan, ko da jikinsa ya raunana. Amma jiki ba ya riƙe darasinsu a karo ɗaya, sai an maimaita. Yaɓe ɗaya ba ya riƙe katanga har ƙarshen damina. Yaron da aka yi wa Penta sau ɗaya aka daina, an fara masa aiki ne ba a gama ba.

Duka kashi biyun ba sa son zafi. A firij ake ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, kuma Penta in ta daskare ta lalace kamar yadda zafi yake lalata ta ƙyanda. A jikin kwalbar akwai ɗan zane, murabba'i fari a cikin da'ira mai duhu. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya taɓa maganin, zubarwa ake yi. Kuna da ikon ku ce a nuna muku. BCG, da ta ƙyanda, da ta shawara, gari ne ake haɗa su da ruwansu, kuma da an haɗa, bayan awa 6 sai a zubar da abin da ya rage. Kwalbar BCG ɗaya ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10. Shi ya sa wurare da yawa suke ware musu rana guda a mako ko a wata. Ba wulaƙanci ba ne in an ce ku dawo ranar kaza, amma ku tabbata an faɗa muku ranar sosai kafin ku tafi.

Lokutan zuwa

A nan Kamaru alluran yara na tsarin gwamnati kyauta ne.

Zuwan farko ranar haihuwa ne, ko da wuri-wuri bayanta. Ana yin BCG a cikin fatar hannu, a ɗiga maganin shan inna a baki. Wadda ta haihu a gida kada ta jira suna, balle arba'in. In mai jego ba za ta iya fita ba, kaka ko ƙanwar miji ta rungumo jaririn. BCG ba ta hana kowane irin tarin fuka, amma tana kāre ƙananan yara daga mafi muninsa, wanda yake shiga ƙwaƙwalwa ko ya watsu cikin jiki duka.

Zuwa na biyu yana da sauƙin tunawa. Mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Da mai jego ta gama wanka, fitarta ta farko ta zama ta asibiti. Daga nan sai mako 10, wato wata biyu da rabi, sai mako 14, wata uku da rabi. A kowane zuwa cikin ukun nan ana yin Penta a cinya ɗaya, ta namoniya a ɗaya cinyar, a ɗiga na shan inna. Ɗigon rota sau biyu ne ko sau uku, gwargwadon irin da aka kawo. A mako 14 ana ƙara allurar shan inna ta cinya, domin ta ƙarfafa aikin ɗigon.

Penta ma'anarta biyar, cuta biyar take karewa a allura ɗaya: mashaƙo, tsinkau-tsinkau mai sarƙe haƙora, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya da ake kira Hib, mai kawo wa jarirai sanƙarau da namoniya. Matasan iyaye da yawa ba su taɓa ganin mashaƙo ba, har suna zaton ya ƙare. A 2023 ya ɓarke a Kano da Damagaram ya kashe yara da yawa, yawancinsu ba su samu Penta uku ba. Motocin da ke kawo mana kaya daga can su ne suke kawo mutane, cuta kuwa ba a tsayar da ita a kan iyaka a tambaye ta takarda.

Bayan wata uku da rabi ne muke rasa yara da yawa, domin tazarar tana da tsawo, uwa ta koma gona da kasuwa. A wata 6 ana fara ba da bitamin A, a maimaita kowane wata shida. A gundumomin da allurar zazzaɓin cizon sauro ta iso, ana yin ta a wata 6, wata 7, wata 9, da shekara 2. Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa ta cikin tsarin alluran yara na kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42. Tana rage zazzaɓi mai tsanani, amma ba ta kawar da shi duka ba. Gidan sauro yana nan a kan aikinsa, kuma yaron da ya yi zazzaɓi a kawo shi a gwada jininsa ko da ya samu allurar.

A wata 9 ana yin ta ƙyanda da rubela, da ta shawara. Ta shawara sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Me ya sa ake jira har wata 9 alhali ƙyanda ce muka fi tsoro? Jariri yana zuwa duniya da garkuwar aro daga jinin uwarsa. In an yi allurar da wuri, wannan garkuwar aron sai ta kashe raunanniyar ƙwayar kafin jikin yaron ya koyi kome. Wajen wata 9 aron ya kusa ƙarewa. Duk da haka, cikin yara 100 da aka yi wa a wata 9, kamar 15 jikinsu ba ya kamawa. Domin su ne ake yin ta biyu a wata 15, kuma babu mai iya gane su da ido, saboda haka kowane yaro yake yi. Wannan ta wata 15 ita ce layin da na fi gani a buɗe a cikin katuna. Ƙyanda ba abin wasa ba ce: mai ita in ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗakin har awa biyu, kuma cikin mutum goma marasa garkuwa da suka zauna da shi, tara za su kamu. Ku tuna yadda yara suke cunkushe a makarantar Lahadi, ko makarantar allo, ko gidan biki.

Rigakafin jariri ma tun yana ciki yake farawa. Mai ciki tana karɓar allurar tsinkau-tsinkau aƙalla sau biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun kafin haihuwa da mako biyu ko fiye. Ita ce take kāre jariri daga ciwon nan da yake shiga ta cibiya, ya hana shi kama nono a makon farko. Mace in ta cika biyar a rayuwarta, ta samu kariya duk shekarun haihuwarta.

Abubuwan da ba sa hanawa

Mura, tari, ɗan ɗumin jiki, ciwon kunne, ƙuraje, haƙori: a yi allura. Yaron da yake shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko na kashe ƙwayoyin cuta amma yana wasa yana shan nono: a yi. Mai zawo ma a yi masa, har da ɗigon shan inna, sai dai mukan ƙara masa wani ɗigon daga baya, domin zawo yana iya wanke na farkon. Shan nono kafin ɗigo ko bayansa ba ya ɓata kome.

Maganar yaro mai tamowa ita ce ta fi ci mini rai. Kaka tana ganin ramarsa ta ce a tausaya masa, kuma don ƙauna take faɗa. Amma shi ne ƙyanda take fara ɗauka. Ƙosasshen yaro yakan yi ƙyanda ya tashi, ramamme kuwa sai ta bar shi da zawo, da namoniya, da makanta, ko ta tafi da shi. In yara goma suna layi, kwalba ta rage ta mutum ɗaya, ramammen zan yi wa. Haka mai sikila, namoniya tana yi masa saurin kisa, ya fi kowa bukatar allurarsa. Bakwaini ana lissafa masa daga ranar da aka haife shi kamar kowa, ba a rage masa magani. Wanda yake ƙanƙane ƙwarai har ana jinyarsa a asibiti, shi ne ake jira ya ɗan yi ƙarfi kafin BCG. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kwanakin farko, da yaron da aka haifa da naƙasa, da wanda akwai mai farfaɗiya a danginsu, duk ana yi musu.

Akwai tsoron da na sha ji daga dattawa, cewa allura a jikin mai zazzaɓi tana shanye ƙafa. Ban taɓa yi wa mai wannan magana dariya ba, domin sun ga abin da idonsu. Akwai babbar jijiya da take bi ta ɗuwawu ta sauka ƙafa, kuma allurar zazzaɓi da wanda bai iya ba ya soka a wurin ta gurgunta yara da yawa. Saboda wannan jijiyar ne ba a yin allurar rigakafin jariri a ɗuwawu. A gefen cinya ake yi, ko a hannu. In kun ga wani zai yi wa jaririnku a ɗuwawu, ku hana shi.

Mu ma'aikata ma muna da namu laifin. A wani wurin da na taɓa aiki, mun saba mayar da duk yaron da jikinsa ya yi ɗumi, don gudun kada ciwon ya ƙaru a ce allurarmu ce. Kanmu muke karewa, ba yaron ba. In an mayar da ku saboda mura ko zawo, ku tambaya cikin ladabi a sake dubawa, ko ku nemi ganin babban ma'aikaci.

Abubuwan da suke hanawa da gaske

Na farko ɗagawa ce kawai. Yaron da ciwo ya kwantar har sai an ba shi gado, wanda ba ya iya shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko numfashinsa yana sama-sama, ko yana suma, jinya yake bukata yau. Allura ta jira. Amma a yi masa kafin a sallame shi, ku tuna mana in mun manta.

Na biyu, yaron da wata allura ta taɓa tayar masa da borin jini mai tsanani nan take: fuska da leɓe suka kumbura, numfashi ya toshe, jiki ya saki. Wannan ba a sake yi masa irin wannan allurar, amma sauran ana yi. Abin yana da wuyar faruwa ƙwarai, kamar sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma yakan zo ne cikin mintocin farko. Muna da maganinsa a kan tebur. Dalilin da ya sa muke cewa ku zauna rabin awa bayan allura ke nan, ko da mai babur yana jira.

Na uku ya shafi Penta. In yaro ya yi jijjiga ko ya sume cikin kwana uku bayan Penta, kada a yi ta gaba sai likita ya gan shi. Ɓangaren tarin shiƙa ne ake zargi, likita zai duba yadda za a kāre shi daga sauran. Haka yaron da yake farfaɗiya a kai a kai ba a shawo kanta ba tukuna, ana jira magani ya kama.

Na huɗu shi ne inda bambancin kashi biyun nan yake aiki. Raunanniyar ƙwaya mai rai ba ta iya kayar da mai lafiya, amma yaron da garkuwarsa ta rushe ƙwarai ba shi da abin da zai tsayar da ita. Irin su yaron da ƙanjamau ya riga ya kwantar, da wanda ake yi wa maganin ciwon daji, da wanda ya daɗe yana shan magunguna irin su prednisolone ko dexamethasone da yawa. Wannan na ƙarshe ku lura da shi, domin ana sayar da irin ƙwayoyin nan a kasuwa da sunan maganin ƙiba ko na ƙara cin abinci. In ana ba yaro wani magani a gida, ku zo da kwalinsa. Irin waɗannan yara ana ɗaga musu allurai masu rai, amma Penta da ta namoniya da sauran marasa rai ana yi musu, sun ma fi kowa bukata.

A kan ƙanjamau kada a yi kuskure. Jaririn da uwarsa take ɗauke da ƙwayar, in an haife shi lafiya babu alamar ciwo, ana yi masa BCG da sauran duka a kan lokaci. Wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da ita, ana jira ya fara magani jikinsa ya daidaita kafin BCG. Ta ƙyanda ana yi masa muddin bai kwanta ba, wani lokaci ma tun a wata 6 ake ƙara masa guda. Uwa ba sai ta yi wannan magana a gaban layi ba. Ki ce kina son ganina a ɗaki, abin da kika faɗa a nan zai tsaya.

Saura ƙanana biyu. Allurar shawara a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarta, saboda haka ba a yi wa yaron da cin ƙwai ya taɓa kumbura masa fuska ya toshe masa numfashi, kuma ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba. Ɗigon rota ba a ba wa jaririn da hanjinsa ya taɓa shigewa cikin juna.

Bayan an koma gida

Penta takan kawo zazzaɓi da ƙwarnafi na kwana ɗaya ko biyu, cinya ta ɗan kumbura. Maigida ya san da haka tun kafin dare, domin sau da yawa kukan daren nan ne yake sa ya ce ba a ƙara zuwa. A ba da nono a kai a kai, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a wurin, a ba da farasitamol yadda aka auna muku. Kada a gasa wurin, kada a murza, kada a shafa kome. Ta ƙyanda nata zazzaɓin yakan makara, sai bayan kamar mako ɗaya zuwa kwana 12, wani lokaci da 'yan ƙuraje da suke bajewa da kansu. BCG kuwa bayan mako biyu zuwa huɗu takan yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya yi ruwa, ya warke a hankali cikin wata biyu ko uku ya bar tabo. Haka ake so. A bar shi a buɗe, ba matsa, ba toka, ba man shafawa.

Ku dawo da yaro nan da nan, ko da tsakar dare ne, in ya yi jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi rau bai sauka ba, ko ya yi kuka mai tsanani fiye da awa uku ba tsayawa, ko ya ƙi nono, ko wurin allurar ya tara ruwa ya yi ja sosai. Haka in cikin mako guda bayan ɗigon rota yana ƙwalla ƙara lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, da amai, ko jini a kashinsa.

In an makara

Wadda ta tafi goyon ciki garin iyayenta, ko makiyayan da suka tashi da shanu, ko wanda damina ta yanke wa hanya, duk maganarsu ɗaya ce: ba a komawa farko. Jiki bai manta da wadda aka yi ba. Yaron da ya samu Penta ɗaya a mako 6 ya ɓace har wata 10, ranar da ya zo za a yi masa ta biyu tare da ta ƙyanda da ta shawara, bayan mako huɗu a yi ta uku. Yin allura uku ko huɗu rana ɗaya ba ya yi wa jiki yawa. Abin da ba a yi shi ne matso da su kusa, dole a bar mako huɗu tsakanin Penta da Penta.

Allurar da aka yi a Mubi, ko Yola, ko Chadi, ko Afirka ta Tsakiya, tana cikin lissafi, ko da launin katin ya bambanta da namu. Ɗigon da masu bi gida-gida suke bayarwa lokacin gangami ƙari ne, a karɓa, amma bai maye gurbin na kati ba. Katin a sa shi cikin leda, a ajiye inda gara da ruwa ba sa kaiwa, a zo da shi duk lokacin da aka kawo yaro asibiti ko don wane ciwo ne. In ya ɓata, ku zo haka nan. Za mu duba babban littafinmu, mu duba tabon hannunsa, mu tambaye ku sau nawa aka yi masa a cinya, mu rubuta muku sabo.